Daga Gona Zuwa Tukunya: Hanyar Abinci a Yankunan da Rikici Ya Ɗaiɗaita

 

Kusan kowa a ɗakin nan yana da wanda ke jiran saƙonsa a gida duk ƙarshen wata. Mun kuma lura cewa gaisuwar waya ta sauya a 'yan shekarun nan: da zarar an tambaye mu sanyi da karatu, sai a shiga faɗa mana kuɗin kwanon masara. Da yawanmu mukan ɗauka cewa tsadar daga gona ta taso, wato an hana mutane noma, shi ya sa hatsi ya yi ƙaranci. Wannan gaskiya ne, amma rabin zancen ke nan. Tsakanin gona da tukunya akwai doguwar hanya, kuma a kanta akwai ɗan dako, da direba, da dillali, da mai sito, da mai injin niƙa, da matar da ke awo a zaure. Idan aka taɓa ɗaya daga cikinsu, tukunya ce ke fara ji. A kan wannan hanya muke so mu yi magana yau.

Bari mu fara da Baga, domin babu inda abin ya fi fitowa fili. Kafin rikicin Boko Haram, bandar kifin Tafkin Chadi daga Baga take tasowa cikin kwalaye, ta sauka kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri, daga nan manyan motoci su kwashe ta zuwa Kano, da Onitsha, da Legas. Masunci ɗaya yana ciyar da mai itacen banda, da mai kwali, da mai kwalekwale, da ɗan kamasho. Bayan harin Janairun 2015 garin ya watse. Daga baya sojoji suka hana safarar kifin, bisa hujjar cewa 'yan ta'adda na samun kuɗi da shi. Hujjar ba ƙarya ba ce, domin an tabbatar ɓangaren ISWAP na karɓar haraji daga masunta da makiyaya a tsibiran tafkin. Sai dai kifin bai daina fita ba. Ya koma bi ta ɓarauniyar hanya, ya ƙara tsada, ribar kuma ta tattara a hannun masu ƙarfin biyan kowane shinge. Ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ya fita daga harkar, ya koma sansanin 'yan gudun hijira yana bin layin karɓar tallafi.

A ƙetaren kogin Komadugu Yobe ma haka aka yi. Jihar Diffa ta Nijar ta shahara da tattasai, har ana ce masa jan zinari. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015, an hana cinikinsa da na kifi, an hana hawa babur, an taƙaita sayar da man fetur da takin zamani, sannan aka kwashe mutane daga tsibirai. Sai da aka shafe fiye da shekara biyu kafin a sassauta wa tattasai. Manomin da injin ban-ruwansa ya kwana biyu babu mai, ba ranar da aka ɗage doka yake komawa noma ba, domin jarin ya riga ya tafi cikin cefane.

Mun san akwai masu cewa a lokacin yaƙi dole a ɗauki mataki mai ɗaci, kuma ba ma raina wannan magana. Wanda ya tuna manoman shinkafa na Zabarmari da aka yi wa yankan rago a gonakin Koshebe ranar 28 ga Nuwamban 2020, aka yi jana'izar 43 a rana ɗaya, ba zai yi wa sha'anin tsaro izgili ba. Abin da muke tambaya shi ne, kafin a rufe kasuwa ko a hana wata sana'a, wa ke zama ya lissafa bakunan da ke ci daga gare ta? A garuruwan Borno da dama an taƙaita noma zuwa 'yar tazara kaɗan daga ramin da ya kewaye gari, an kuma hana shuka dogayen amfani irin su dawa da masara a gefen hanya don kada a ɓuya a ciki. Soja yana da dalilinsa. Amma sakamakon shi ne gari guda ya dogara kacokan ga ayarin motocin da ke zuwa da rakiya, kuma ranar da rakiya ba ta samu ba, kasuwa ba ta ci.

A arewa maso yamma an sake maimaita darasin kamar ba a taɓa karanta shi ba. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, Katsina da Sakkwato da Kaduna kuma suka bi sahu a wasu ƙananan hukumominsu. Wanda bai zauna ƙauye ba zai ɗauka kasuwar mako wurin saye da sayarwa ce kawai. Ga talaka, ita ce banki. Akuyar da ke ɗaure a tsakar gida ita ce ajiyarsa, ranar kasuwa yake kai ta ya dawo da gero da magani. Idan aka rufe kasuwar, akuyar tana nan amma ba ta da amfanin komai. Waya kuwa da ita dillali ke sanar da fatake cewa kaya sun taru, da ita direba ke tambayar ko hanya ta yi kyau kafin ya tashi, da ita kuma mu da ke nan muke tura kuɗi. 'Yan bindiga sun ji jiki na ɗan lokaci, sannan suka koma kwasar rumbunan ƙauyuka, harajin da suke ɗora wa manoma kafin shuka da kafin girbi kuma bai tsaya ba.

Ga kuma iyaka. Kano da Katsina da Maraɗi kasuwa ɗaya ce tun kafin Turawa su ja layi. Shekarar da damina ta yi gardama a Nijar, gero da masara kan haura daga Dawanau ta Jibiya da Maigatari da Illela. Wake da dabbobi da albasa kuma su gangaro. Wannan musaya ita ce garkuwar yankin gaba ɗaya, domin da wuya fari ya kama ko'ina a shekara guda. Amma an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. Wannan rufewa ta biyu ta zo ne wata biyu kacal bayan cire tallafin fetur, kuma a shekarar da aka fara ta da ƙarancin takardun naira, lokacin da manomi ke karya kuɗin buhunsa ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Duk waɗannan hukunce-hukunce a ofis aka yanke su, babu ɗan bindiga ko ɗaya a wurin.

'Yan uwa, to wace irin hanyar abinci ce ke jure wa rikici? A darussanmu na nan ana koya mana cewa tsari mai inganci shi ne wanda ya rage kashe kuɗi: babban sito ɗaya, babbar hanya ɗaya, kaya su iso daidai ranar da ake buƙata. Wannan ya dace da ƙasar da ba a tare hanya. A wurinmu, abin da littafi ke kira ɓarna shi ne ke ceton rai. Maiduguri ta shafe shekaru tana shaƙar numfashi ta hanyar Damaturu kusan ita kaɗai, kuma mun ga abin da ya faru a Auno a Fabrairun 2020, inda matafiyan da dare ya rutsa da su a bakin shinge suka rasa rayukansu. Birnin da ke da ƙofa ɗaya a hannun mai tare ƙofar yake. Saboda haka gyara hanyoyin Dikwa zuwa Gamboru da Bama zuwa Banki, da tsare su, aikin ciyar da jama'a ne kafin ya zama aikin kasuwanci.

Ajiya ma haka take. A Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa. Adadin yana da daɗin ji a rediyo, amma buhu 420,000 ne mai kilo ɗari, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan ɗari biyu. Ko da ya ninka haka sau goma, sai ya bi ta hanyoyin nan da ake tarewa kafin ya kai Zurmi ko Sabon Birni. Kakanninmu sun fi mu fahimtar wannan, shi ya sa kowane gida ke da rumbunsa. Matsalar yau ita ce rumbun ƙauye ya zama abin farko da ake fasawa ko a cinna wa wuta. Muna ganin mafita tana tsakiya: ƙananan ɗakunan ajiya masu yawa a hedikwatun ƙananan hukumomi da garuruwan da ke da tsaro, a hannun ƙungiyoyin manoma, kowa da takardar shaidar buhunsa. Nijar ta riga mu gwada wannan tun ƙarshen shekarun 1990, inda manomi ke jingine hatsinsa a sito da kaka, ya karɓi rance, ya fanshe shi da bazara lokacin da ya yi daraja. Akwai kuma buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba guba ba. Buhu ana iya ɗora shi a amalanke a gudu da shi, rumbun laka kuwa sai dai a bar shi.

Game da tallafi, a taƙaice za mu ce: inda kasuwa ke ci, a ba mutane kuɗi su saya a wurin ɗan kasuwar garinsu, domin shi zai zauna bayan ƙungiyoyin agaji sun tattara komatsansu, kuma mun ga yadda kuɗin agajin duniya ya ja baya a 2025. Inda kasuwa ta mutu, kuɗi tsada kawai za su ƙara, sai a kai hatsi.

Akwai tambayar da ba ma son yi a bainar jama'a, amma gara mu yi ta. Me za mu ce wa ƙauyen da ya tara kuɗi ya biya 'yan bindiga don a bar shi ya girbe dawarsa? Kuɗin nan harsashi za su saya, wannan babu musu. Amma mu da muke shiga kanti da tsakar dare mu tarar da madara da burodi, ba mu da bakin zargin mutumin da ke kallon gonarsa ta nuna, yaransa kuma na kuka. A ƙarshen 2024 an yi sulhu a Birnin Gwari, aka buɗe kasuwar shanun da ta daɗe a rufe, motocin hatsi suka dawo hanya. Waɗansu a cikinmu na ganin an saka wa masu laifi da alheri, waɗansu na ganin an ceci rayuka. Mu dai ra'ayinmu shi ne, sulhun da bai zo da ajiye makamai da shari'a ba jinkiri ne kawai, kuma wajibin hukuma ne ta yi amfani da jinkirin wajen kafa tsaro na dindindin a kan hanya da kasuwa. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2417 na 2018 ya la'anci amfani da yunwa a matsayin makami, amma ƙuduri ba ya raka mota daga Funtuwa zuwa Gusau.

Saura namu. Yawancinmu mukan ƙara kuɗin da muke turawa ne a tsakiyar damina, lokacin da kuka ya yi yawa, wato daidai lokacin da hatsi ya fi tsada a shekara. Da za mu tura kaso mai tsoka a watan Nuwamba da Disamba, a sayi buhuna da kaka a adana, kuɗin guda zai fi yin nisa, zai kuma hana ɗan uwanmu cin bashin da zai biya da amfanin gonarsa tun yana tsaye. Muna ba wa shugabannin ƙungiya shawarar a kafa adashe na musamman don wannan, wanda za a kwashe kafin kaka.

Na biyu ya shafi karatunmu. A cikinmu akwai masu nazarin noma, da sufuri, da tattalin arziki, da kimiyyar bayanai, kuma kusan kowa yana da ɗan uwa a wata kasuwa. Idan mutum ashirin suka ɗauki alƙawarin tambayar farashin kwanon gero, da na masara, da kuɗin ɗaukar buhu zuwa gari mafi kusa, da adadin shingayen da direba ya tsaya, sau ɗaya a mako, ba tare da rubuta sunan kowa ba, to cikin shekara guda za mu mallaki abin da za mu ajiye a gaban kowane gwamna ranar da ya tashi rufe kasuwa. Mun bar takarda a teburin bakin ƙofa, duk mai sha'awa ya rubuta sunansa da kasuwar da yake da mutum a cikinta.

Shugaban taro, a nan za mu dakata don a samu lokacin tambayoyi.