Ƙadangaren ruwa mai jan ciki: saurara kafin ka tura kuɗinka

Shirin yau tambaya ce daga wani ƙanenmu a Isa. Ya ga bidiyo a TikTok na wata 'yar halitta mai baƙin baya, cikinta ja kamar garwashi, tana iyo cikin akwatin gilashi. Yana son ya yi kiwonta, har ya fara tara kuɗi. To ƙanena, ga amsarka, kuma ba kai kaɗai ba.

Turawa na kiranta niyut. A ido kamar tsaka take, amma dangin kwaɗo ce. Asalinta China da Japan, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ba mu da suna gare ta a Hausa saboda babu irinta kwata-kwata a Afirka kudu da Sahara. Ka bi fadamar Gulbin Rima kaf, burduddugi da kwaɗi za ka gani, ita dai babu.

Dalili? Zafi. Dabbar ruwan sanyi ce, tana son digiri 15 zuwa 20. Ruwa ya haura 25, ta fara wahala, ta daina cin abinci, cuta ta shiga. Yanzu don Allah ku tuna Sabon Birni a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mu da kanmu waje muke kwana. Ko ruwan randa ba zai kai sanyin da take nema ba. Sai da na'urar sanyaya ruwa dare da rana, kuma kun san yadda muke da wutar lantarki. Solar da ke cajin wayarka ba za ta ɗauka ba. Abin da ke ruɗin mutum shi ne, in ya saye ta a Disamba cikin ɗari, sai ya ga tana wasa lafiya lau. Bari bazara ta shigo. Dabbar da ke iya shekara 10 zuwa 15 a inda ya dace da ita, nan ba lallai ta ga damina ba. Wannan ma in ta iso da rai ke nan, bayan doguwar tafiya cikin motar haya.

Sai jan cikin nan da ke burge ku. Wallahi ba ado ba ne, gargaɗi ne ga mai son cinye ta. Fatarta na fitar da dafi mai suna tetrodotoksin, irin na kifin fugu na Japan, dangin talibambam ɗinmu. Taɓawa kawai ba ta kashe babba, amma ya shiga ido ko baki ko ciwo, za a ji jiki. Gidajenmu kuwa cike suke da yara masu kai komai baki, ita kuma gwanar hawa gilashi ce, in babu murfi sai ka tsince ta tsakar gida. Abincinta ma tana ce da ƙananan tsutsotsi, ba ta san dussa ba.

Can waje ma an taka wa cinikinta burki. A 2013 masana suka gano wata cutar fata da ta kusa ƙarar da wani jinsin danginta a Holan, bincike ya alaƙanta ta da waɗanda ake shigowa da su daga Asiya. A Janairun 2016 Amurka ta hana shigo da jinsi 201, har da wannan. Saboda haka in wani ya ce maka a WhatsApp yana da ita, turo kuɗi a sa maka a mota, tambaye shi daga ina ta fito, kuma ruwa mai sanyin nawa take ciki yanzu.

Ni dai a ganina, ƙanena, kuɗin nan kai su kasuwa ka sayi tattabaru biyu ko zomaye. Sun san zafinmu, suna haihuwa, in ka matsu ka sayar.

Wanda ke kiwon tattabaru a Isa ko Sabon Birni ya turo mana saƙon murya, za mu sa a shiri na gaba. Sai mun haɗu.