Ciwon Dajin Jijiyoyin Jini a Jikin Karnuka

Wannan ciwon daji yana tasowa ne daga bangon cikin jijiyoyin jini, kuma a cikin dabbobin gida kare ya fi addaba, musamman wanda ya manyanta. Kyanwa da doki kan kamu jefi-jefi, shanu da tumaki kuwa da wuya.

Saifa ce babbar matattararsa, sai zuciya da hanta da fata. Ƙarin da ke saifa yakan cika da jini ya yi ta girma ba a sani ba. Ran da ya fashe, karen da ya yi farauta jiya sai a tarar da shi kwance yana haki, dasashinsa ya yi fari fat, cikinsa ya kumbura.

A Sabiyal da ƙauyukan Aliero, Jega da Maiyama, yana da sauƙi a ɗora laifin kan guba ko cutar kaska, domin alamun sun yi kama. Hoton ciki da gwajin tsokar da aka yanko ne ke tantancewa, aikin da ya fi dacewa da asibiti irin na koyarwar likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.

Cire saifa kan tsayar da zubar jinin, amma galibi wata 1 zuwa 3 kawai karen ke ƙarawa, saboda ciwon ya riga ya bazu.