Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Kawo Dabbare-dabbare A Haƙoran Yara?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani bawan Allah mai sayar da hatsi a Mashi. Ya ce 'yarsa mai shekara 7 ta yi famfara, amma sababbin haƙoran sun fito da tabo fari kamar alli, wasu kuma ruwan ƙasa. Har ya yi wa uwar faɗa, wai ƙazantarta ce. Maƙwabta kuma sun ce sammu ne.

To, Malam, ka je ka ba uwargida haƙuri. Wannan ba datti ba ne, ba kuma sammu ba.

Haƙori yana da wani farin ɓawo mai ƙarfi, kamar fentin da ke jikin langa. Wannan ɓawo a cikin dasashi yake haɗuwa, tun haƙorin bai leƙo ba. Na turamen da ke fitowa a shekara 6, tun wajen haihuwa ake fara ginin nasu har zuwa shekara 3. Duk abin da ya taɓa yaro a wannan lokaci, yakan bar shaida a haƙori. Ke nan tabon da kake gani yau, an yi shekaru da yin sa.

Me ke kawo shi? Na farko, zazzaɓi mai zafi, ƙyanda, tamowa, ko haihuwar bakwaini. Na biyu, kafson nan mai ja da rawaya, tetirasaikilin, da ake saye a tiren masu talla ana ɗura wa yara don gudawa. Yana rina haƙori har abada. Kada a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Na uku, faɗuwar da ta bugi haƙorin yarinta, takan ɓata na ƙarƙashinsa. Akwai kuma na gado.

Na huɗu shi ne ruwan sha. Akwai wani sinadari, fuloraid, da ruwa ke kwasowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa kariya ne ga haƙori, amma in ya yi yawa sai ya zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda. Ku dubi Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi a Nijar. Daga 1985 zuwa wajen 2000 mutanen garin suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse da sinadarinta ya ninka wannan iyaka fiye da sau uku. Dubban yara suka kamu, haƙora suka rine, wasu har ƙafafunsu suka lanƙwashe. Ruwan kuwa garai-garai yake, ba wari ba launi.

Don haka, Malam, ka duba bakin yaran unguwarku. In 'yarka ce kaɗai, ka tuna rashin lafiyar da ta yi tana goye. In kuwa yara da yawa masu shan rijiya ɗaya ne, ku sanar da mai unguwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a auna ruwan. Tafasawa ba ta fitar da wannan sinadari. Wannan awo shi zai ceci ƙannenta.

Sannan kada a dirje haƙoran da toka, gawayi ko yashi. Ɓawon in ya goge, ba ya sake tsirowa. A yi asuwaki ko buroshi a hankali safe da dare, man goge baki kamar ƙwayar wake, ta tofar kada ta haɗiye. A rage alewa da lemon kwalba. In tana jin tsami ko haƙorin yana ɓarewa, a kai ta wurin likitan haƙori a Katsina ko Daura, ana iya cike shi ko a rufe tabon.

Malamai kuma ku hana yara tsokanarta a makaranta. Na yi koyarwa, na ga yarinyar da ta daina ɗaga hannu a aji saboda kunyar buɗe baki.

Allah ya raya mana zuri'a.