DIYYA HAKKI CE, BA SADAKA BA CE

Laccar da Akawun Jam'iyya ya yi wa jama'a a Burumburum ranar kasuwa

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa, maganarmu ta yau a kan ruwa ce da gona da diyya.

Kowa a nan ya san Tiga. Gwamnatin Audu Bako ce ta datse Kogin Kano, aka fara aiki a 1971, aka gama a 1974. An ce don a yi noman rani a su Kadawa da Kura, birni ya sami ruwan sha, a kuma rage ɓarnar ambaliya ga mutanen gangare. Mu ba mu ce aikin haram ba ne. Doka ta yarda, amfaninsa kuwa ba ya ɓuya. Amma fa ruwan nan bisa gonakin mutane da kufansu ya kwanta. In jama'a duka za su ci moriyar abu, don me mutum ɗaya zai ɗauki hasarar shi kaɗai?

To, ku saurari abin da doka ta ce. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 44, ya hana a karɓi dukiyar mutum tilas sai an biya shi diyya ba da jinkiri ba, kuma an bar masa hanyar zuwa kotu. Dokar Ƙasa ta 1978, sashe na 28, ta ba Gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuwa ya wajabta diyya. Sai dai ku lura, ba kuɗin ƙasar kanta ake biya ba. Abin da ake biya shi ne aikin hannunka da ke bisanta, watau gini, da rijiya, da amfanin gona. Saboda haka ɗan kasuwar da ya gina rumfa da kuɗinsa, shi ma yana da magana. Har wa yau dokar ta ce in Ƙaramar Hukuma ce ta karɓi gonar noma, lalle ta ba mai ita wata.

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar 1978 ta yi zancen gonar da aka karɓa, ba ta yi zancen wadda ruwa ya cinye sa'ad da madatsa ta cika aka sake shi ba. Wannan manomi sai a kai masa 'yar shinkafa da tabarma a ce tallafi, a sa shi godiya. Mu kuwa muna cewa a kafa doka sosai, wanda ruwan Gwamnati ya yi wa ɓarna a ƙiyasta a biya shi.

Kada ku mance da Bakolori. A watan Afrilu 1980 manoman ƙasar Talata Mafara suka tsaya a kan diyyarsu, aka aika musu 'yan sanda, aka kashe mutane da yawa. Ba mu so a sake ganin irin wannan, shi ya sa muke so ku san hanya tun da wuri.

Ga gargaɗinmu. Ranar da ma'auna suka zo, ka tsaya a gonarka da shaidu biyu. A ƙirga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro ɗaya-ɗaya a gabanka. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, kuma ka karɓi taka ka ajiye. In an ce za a ba sarki ko dagaci kuɗin gari ya raba, doka ta yarda da haka, amma ku ce a faɗi adadin a bainar jama'a. Wanda aka rage wa hakkinsa ya zo ofishin Jam'iyya, mu rubuta masa ƙara kyauta. Ku je tare, gama tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Allah ya ba talaka sawaba. Amin.