Ƙofar Haske a Idon Kyamara



Kun taɓa ɗaukar amarya hoto a gaban Dutsen Riyom, ta fito fes, dutsen kuwa ya yi dishi-dishi? Ba laifin kyamara ba ne. Cikin gilashinta akwai 'yar ƙofar da haske ke shiga. Ku buɗe ta sosai, fuskar amarya kaɗai za ta fito. Ku tsuke ta, amarya da duwatsun nan da ke ɗore kan juna duk su bayyana sarai.

Ga inda sabon shiga ke rikicewa: a lambobin da ke nuna girman ƙofar, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. In maimaita, ƙaramar lamba, babbar ƙofa.

In kun tsuke ƙofar da yamma, haske zai ragu, sai ku kafa kyamara a kan ƙafafunta kada hoto ya girgiza. Sai mun sake haɗuwa.