Kafin Ka Ba Da Filinka Hayar Ƙarfen Sabis

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu na wata-wata a Potiskum



An nemi in yi bayani a kan wani arziki da yake sallama a ƙofar wasunmu, amma sau da yawa sai ya bar baya da ƙura. Ina nufin hayar fili ga masu kafa ƙarfen sabis na wayar salula.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aka fara kafa waɗannan ƙarafa a gonaki da kangaye da bayan gidaje. A wancan lokaci kamfanin waya da kansa ake ciniki. Daga baya abin ya canza. A 2014 MTN da Etisalat suka sayar wa kamfanin IHS dubban ƙarafansu, Airtel kuma ya ƙulla cinikin nasa da American Tower na Amurka. To, ka ga wanda zai zo maka yanzu galibi mai ƙarfe ne, shi ma haya yake bayarwa. Ƙarfe ɗaya sai ya ɗauki na'urorin kamfani biyu ko uku, kowa yana biyansa, kai kuwa kuɗin fili ɗaya aka ba ka. Ku riƙe wannan, don a nan cinikin yake.

Abu na farko, ka san darajar abin da ke hannunka. Ba don kyan fuskarka aka zo ba. Injiniyoyi ne suka auna, suka ga a wannan ɗan yanki ake bukatar ƙarfe, kuma ba kowane fili ne zai yi ba: sai mai hanyar mota, mai sarari, wanda ba rigima a kansa. Jama'a, mu da muke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, wa ya taɓa sallama sa a tayin farko? Ai sai ka ce albarka. To don me za a taya filinka na shekara goma ko ashirin, ka ce ka sallama tun ba a zauna ba? Ka je ka tambayi waɗanda aka riga aka kafa wa, a nan gari da Damaturu da Azare, nawa suke karɓa. Kuma ka san da wa kake magana. Idan dillali ne, a faɗi la'adarsa a fili, kuɗin kuma su faɗa asusunka na banki daga kamfani kai tsaye.

Abu na biyu, tsawon shekaru. Nan ne kwaɗayi yake zama mabuɗin wahala. Za a ce maka ga kuɗin shekara goma a dunƙule. Ido ya rufe, a yi aure, a sayi mota, cikin shekara biyu kuɗi sun ƙare, ƙarfe kuwa yana nan tsaye. Ku duba lissafi: a 2014 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya karɓi kuɗin shekara goma a 2014, ashe shekarun ƙarshe kusan kyauta ya bayar. Shawarata, ko da yarjejeniyar ta yi tsawo, a riƙa biya kashi-kashi, bayan shekara biyu ko uku a sake duba farashi, kuma a rubuta ƙarin da za a yi, kashi kaza cikin ɗari. Ka nemi a rubuta ƙari idan an ɗora na'urar wani kamfani. Ko ba su yarda duka ba, ka sami abin ja. Ka kuma tambaya: kuɗin da aka faɗa, kafin a cire haraji ne ko bayan an cire? Domin akan cire kashi 10 cikin ɗari na kuɗin haya, kada ka ga gibi ka ce an cuce ka.

Abu na uku, kuma wannan ya fi shafarmu mu da iyayenmu suka zo daga Kano da Katsina da Haɗeja da sauransu suka zauna: takarda. Da yawa filayenmu da takardar ciniki kawai aka saye su, da shaidar mai unguwa. A wancan zamani amana ta wadatar. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma mai takardar mallaka ta gwamnati sai da amincewar gwamna zai miƙa filinsa ga wani. Ranar da aka ji kuɗi sun shigo, ranar ce jikan wanda ya sayar wa kakanka zai tuna cewa gonar gidansu ce. Ka gyara takardunka tun kafin baƙi su zo. Idan filin gado ne da ba a raba ba, kada babban wa ya sa hannu shi kaɗai. A tara magada duka, har mata da ke gidajen aurensu, kowa ya san rabonsa. Na ga gidan da 'yan uwa ɗaya uba ɗaya suka daina gaisawa a kan wannan. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abu na huɗu, haƙƙin maƙwabta da lafiyar gidanka. Janareta zai yi ta ruri dare da rana, man gas zai iya tsiyaya ya gangara rijiya. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta NESREA ta 2011 ta sa tazarar mita 10 tsakanin ƙarfe da gidajen zama. A rubuta wanda zai biya idan iskar damina ta kayar da wani abu a kan rufin mutane, ko gobara ta tashi. Ba mu manta Satumba 2012 ba, lokacin da aka kai wa ƙarafan sabis hari a garuruwan Arewa har da nan Potiskum, ko 2013 da aka katse sabis a Yobe bayan kafa dokar ta-ɓaci. Allah kada ya maimaita. Amma a rubuta cewa ko ƙarfe yana aiki ko ba ya yi, haya tana tafiya muddin kayansu suna filinka. Ranar da za su tashi kuma, su kwashe ƙarfensu, su fasa kankaren da suka zuba, su bar maka fili yadda za ka more shi.

Daga ƙarshe, kada ka dangwala yatsa a kan Turancin da ba ka karanta ba. Lauyan kamfani na kamfani ne. Ka nemi naka, ya fassara maka layi-layi, ka riƙe kwafinka mai sa hannu. Ina roƙon shugabanni su ware mutum biyu ko uku masu ilmi da za su riƙa raka duk ɗan ƙungiya da irin wannan ciniki ya samu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya zaunar da garinmu lafiya.