Ɗoɗɗoya Da Ɗan'uwanta Bardaƙush: Amfaninsu A Tukunya

Wannan jawabi ne da aka tsara domin malamai su karanta wa ɗalibai a azuzuwan yaƙi da jahilci na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

 

Maganar yau a kan ganye ce. Wanda ya saba shiga birnin Kano ya san shagunan masu sayar da zuma da habbatus sauda da man zaitun. A irin waɗannan shaguna akan ga wani busasshen ganye a cikin leda ko kwalba. Sunansa bardaƙush. Wannan suna na Larabawa ne. Turawa kuma majoram suke ce masa. Mutane suna sa kuɗi su saye shi, saboda sun ji ana cewa yana da amfani. Amma da yawa ba su san cewa 'yar'uwarsa tana nan a ƙauye ba, wani lokaci ma a jikin dangar gidansu. Ita ce ɗoɗɗoya.

Mene Ne Bardaƙush?

Bardaƙush ɗan ƙaramin tsiro ne mai ƙananan ganyaye masu laushi. Asalinsa daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, wajejen Turkiyya. A yau ƙasar Masar tana noma shi da yawa, tana busarwa, tana sayar wa duniya. Mutanen can suna zuba shi a miya da nama da wake. Suna kuma dafa shi su sha kamar shayi.

Masana tsirrai sun raba tsirrai dangi-dangi, kamar yadda mutane suke da zuriya. Bardaƙush da na'ana'a da ɗoɗɗoya duk 'yan gida ɗaya ne. Haka ma tayim, wanda ake sayarwa a ƙananan ledoji tare da kori. Ga yadda ake gane 'yan wannan gida: idan aka murza ganyensu a hannu sai ƙamshi ya tashi. Idan kuma aka shafa ɗanyen karansu, za a ji yana da kusurwa huɗu.

Ɗoɗɗoya iri-iri ce. Akwai ta gida, mai faɗin ganye, wadda takan yi tsawo ta kai ƙugun mutum ko ta wuce. Akwai kuma mai ƙananan ganye, wadda take fitowa da kanta a gonaki da damina. Yarabawa suna kiran ta gida efinrin. Ibo suna ce mata ncanwu. Ita ce take ba farfesunsu ƙamshin nan da aka san shi da shi.

Saboda haka wanda yake da ɗoɗɗoya a gida ba sai ya je Kano neman ganyen ƙamshi ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Daga Ina Ƙamshin Yake Fitowa?

A jikin ganyen akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani sosai. Mai ne a cikinsu. Wannan mai shi ne ƙamshin. Yana da saurin tashi, zafi kuma yana kore shi. Shi ya sa idan uwargida ta zuba ɗoɗɗoya tun farkon girki, ƙamshin zai bi tururi ya tafi. Maƙwabta su sha ƙamshi, mutanen gida su sha lami.

Ke nan ƙa'ida ta farko ita ce: ɗanyar ɗoɗɗoya a ƙarshe ake zuba ta. Idan saura kamar minti 5 a sauke tukunya, sai a yayyanka ta a zuba, a rufe. Busasshiya kuwa, ita da bardaƙush, ana iya zuba su idan saura minti 10. Busasshen ganye ya fi ɗanye ƙarfi. Ƙaramin cokali ɗaya na busasshe yana tsayawa a madadin cokali uku na ɗanye.

Yadda Ake Girki Da Ita

Mutanen Bebeji suna da arzikin kifi, albarkacin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. To, babu abin da ya dace da farfesun kifi kamar ɗoɗɗoya, domin tana kashe ƙarni. Ga yadda ake yi:

1. A wanke tarwaɗa ko karfasa da kyau. Tarwaɗa tana da yauƙi, sai a cuɗe ta da toka ko lemon tsami, a ɗauraye.
2. A jajjaga albasa da attaruhu da tafarnuwa.
3. A daka citta da masoro da kanumfari kaɗan da daddawa.
4. A ɗora ruwa da waɗannan kaya, a bar su su tafasa sosai.
5. A jera kifin a ciki. Kada a riƙa juyawa da ludayi, don kada ya dagargaje.
6. Idan kifi ya kusa nuna, a zuba ganyen ɗoɗɗoya kamar guda 10 da aka wanke aka yanka. A rufe minti 5, a sauke.

A Tudun Wada da Doguwa, inda Allah Ya hore masara, faten tsaki da dambu ba baƙin abinci ba ne. Bayan an zuba rama ko yakuwa a fate, sai a ƙara ɗoɗɗoya kaɗan dab da saukewa. A dambu kuma sai a haɗa ta da zogale a turara tare. Tana shiga miyar taushe da miyar kuɓewa ɗanya. Tana shiga dafa-duka da faten wake da alala. Mai soya ƙwai ma yana iya yanka ganye biyu ko uku a ciki.

Sai dai a lura, ɗoɗɗoya tana da ɗan ɗaci idan ta yi yawa. A fara da kaɗan har bakin yara ya saba.

Babban Amfaninta: Rage Gishiri

A nan ne ake son kowa ya buɗe kunne. A da, daddawa da kayan yaji su ne ɗanɗanon miya. Yanzu kuwa ɗunƙulen magi ya shiga kowane gida. Wata tukunyar sai an jefa mata biyar ko shida, sannan a bi da gishiri. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kusan rabin kowane ɗunƙule gishiri ne. Ashe an zuba gishiri sau biyu ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini. Wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Wannan ya haɗa da na miya da na ɗunƙule da na burodi da na ƙuli-ƙuli, duk abin da aka ci daga safe zuwa dare. Na yara bai ma kai haka ba.

Yawan gishiri yana jawo hawan jini. Shi kuwa hawan jini ciwo ne mai shiga ba sallama. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, bai san yana ɗauke da shi ba. Wata rana sai a ji ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kuma lalata zuciya da ƙoda. Idan maigida ya kwanta, gona ta kwanta, kuɗin gida kuma su ƙare a wajen magani.

To, ina ɗoɗɗoya ta shigo? Abinci mai ƙamshi ba ya neman gishiri da yawa. Idan miya ta ji daddawa da albasa da citta da ɗoɗɗoya, ana iya rage ɗunƙule ba tare da an rasa daɗi ba. Uwargida mai jefa shida ta koma huɗu. Bayan 'yan makonni ta koma biyu. Harshe yana sabawa a hankali. Maigida kuma ya taimaka, kada ya tayar da rigima don miya ta canza kaɗan. Lafiyarsa ake nema.

Ɗan gishirin da za a zuba kuwa, ya zama mai sinadarin aidin, irin wanda ake sayarwa a ƙulle cikin leda. Shi ne yake kare mutum daga maƙoƙo, yake kuma taimakon ƙwaƙwalwar yara.

Abin Da Take Ƙara Wa Jiki

Koren ganye yana ɗauke da abubuwan da jiki yake buƙata. Akwai wanda yake taimakon ido da fata. Akwai wanda yake taimakon jini. Akwai mai ƙarfafa ƙashi. Ɗoɗɗoya da bardaƙush suna da nasu rabon. Amma a faɗi gaskiya: ɗan kaɗan ake zubawa a tukunya, don haka ɗan kaɗan jiki yake samu. Ganyen da yake gina jiki sosai shi ne wanda ake ci da yawa, kamar zogale da alayyahu da rama da kuka da tafasa. Aikin ɗoɗɗoya shi ne ta sa waɗannan su yi daɗin ci. Tana kuma buɗe wa mai jinya da tsoho baki, su ji sha'awar abinci. Wasu sukan sha ruwan dafaffen ganyen bayan cin abinci idan ciki ya kumbura.

Inda Ba Ta Kai Ba

Kowane abu yana da iyaka. Ɗoɗɗoya kayan miya ce. Ba ta maye gurbin asibiti. A riƙe waɗannan abubuwa guda biyar:

1. Yaro mai zazzaɓi a kai shi asibiti a ranar, a gwada jininsa. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a tsaya dafa ganye har yaro ya fara suma.
2. Yaro mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na cikin leda, wanda ake kira O.R.S., tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. A ci gaba da ba shi nono da abinci.
3. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Kada a ɗura masa jiƙon kowane ganye.
4. Mai juna biyu tana iya cin ɗoɗɗoya a miya. Amma ta guji shan jiƙo mai kauri na ɗoɗɗoya ko bardaƙush sai ta tambayi ma'aikaciyar asibiti.
5. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko ciwon suga kada ya ajiye maganinsa don ya sami ganye. Wanda kuma ya ba shekara 40 baya ya riƙa zuwa ana auna masa jini, ko da yana jin ƙalau.

Wasu sukan turara ganyen ɗoɗɗoya a ɗaki don korar sauro. Ƙamshin yakan kore shi na ɗan lokaci, amma kafin tsakar dare ya dawo. Gidan sauro mai magani shi ne kariya.

Yadda Ake Shuka Ta Da Adana Ta

Ɗoɗɗoya ba ta da wuyar sha'ani. A yanko reshe mai tsawon tafin hannu daga wajen maƙwabta. A cire ganyen ƙasa, a kafa shi a ƙasa mai laima da ɗan taki. Cikin mako biyu zai yi saiwa. Ana kuma shuka irinta. Wajen da ake alwala wuri ne mai kyau, domin ruwa ba ya yankewa. Tsohon bokiti ko fasasshen tulu ma ya isa. A kewaye ta da ƙaya ko kara saboda awaki. Idan ta fara fure a tsinke kan, sai ta ƙara yin rassa da ganye.

Kudancin Kano ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, musamman wajejen Riruwai da dajin Falgore. Don haka da damina ganye yakan yi yawa. A lokacin ne ya kamata a tanadi na rani. A tsinko da safe, a wanke, a shanya a inuwa a kan tabarma mai tsabta. Kada a shanya a rana, domin rana tana cinye ƙamshi da launi. Idan ya bushe ƙayau, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu.

Gargaɗi ɗaya: kada a tsinko ganyen ci a gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa ko na ƙwari. Kada kuma a tsinko a bakin kwata ko juji.

Matan aji ɗaya suna iya haɗa kai su shuka da yawa. Su busar, su auna, su ƙulla, su rubuta suna da ranar ƙullawa a jiki. Daga nan sai kasuwar Kwanar Ɗangora ko ta Tudun Wada. Ga karatu ya yi rana, ga kuɗin sabulu ya samu.

Kammalawa

Abin da ake so kowa ya koma gida da shi guda uku ne. A shuka ɗoɗɗoya a gida. A zuba ta a ƙarshen girki, a rage gishiri da ɗunƙule. Idan ciwo ya zo kuma, a nufi asibiti da wuri. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya ji wannan jawabi ya isar wa wanda bai zo ba. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa albarka a abin da aka noma. Amin.